FUREN DA KE BARCI DA RANI: RENON OKID MAI ZUBAR DA GANYE A GIDA

Akwai wani irin tsiro wanda in mutum ya gan shi cikin tukunya a barandar gida a watan Janairu, zai rantse ya mutu. Babu ganye ko ɗaya a jikinsa, babu toho, sai wasu dunƙulallun gaɓoɓi masu kama da ɗanyar ayaba da aka kafa a tsaye, an lulluɓe su da busasshen ɓawo fari-fari kamar na albasa. Mai gida mai tausayi yakan dube shi ya ce ƙishirwa ce ta kama shi, ya ɗauko buta ya kwarara masa ruwa, gobe ma ya ƙara. Kafin mako uku gaɓoɓin nan sun yi baƙi daga gindi, sun yi laushi, sun fara wari. A lokacin ne tsiron ya mutu da gaske, kuma ruwan da aka ba shi ne ya kashe shi.

Wannan tsiro yana cikin dangin furannin da ake kira okid, kuma yana cikin rukunin da ke zubar da ganye su yi barci tsawon rani. Masu renon furanni a ƙasashe da yawa sun ɗauki sha'aninsa abin yi a lokacin hutu, har suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasar shekara-shekara. Abin da ya sa ya cancanci a yi bayaninsa a wannan shafi shi ne, yanayin da waɗannan furanni suka saba da shi a ƙasashensu na asali, watau damina mai ƙarfi wadda rani mai tsawo ke biyo baya, ya yi kama ƙwarai da namu. Wahalar da Bature ke sha da kuɗin da yake kashewa kafin ya shirya musu wannan yanayi a ɗakin gilashi, mutumin Kaduna ko Zariya ko Jos ya samu yawancinsa kyauta.

Dangin okid na daga cikin manyan dangogin tsirrai masu fure a duniya, domin masana sun ƙidaya iri wajen 28,000, ban da dubban da mutane suka haɗa da hannunsu. Banila, wadda ake sa ƙamshinta a kek da askirim, daga kwanson wani okid ake samunta, kuma Madagaska ce kan gaba wajen nomanta. Mafi yawan okid na ƙasashe masu zafi ba a ƙasa suke tsira ba, a jikin itatuwa suke maƙalewa. Saboda haka wanda ya fara ganinsu yakan ɗauka kauci ne. To, akwai bambanci babba. Kauci yana huda reshe ya tsotsi ruwan itacen da ya hau, har ya raunana shi. Okid kuwa wurin zama kawai yake nema a jikin itace. Abincinsa daga ruwan sama yake samu, da ƙura, da ruɓaɓɓen ganye, da kashin tsuntsaye da ke taruwa a saiwoyinsa. Wannan ne dalilin da ya sa in aka dasa shi cikin ƙasar lambu kamar tumatir, saiwar takan rasa iska ta ruɓe.

Tsiron da ke zaune a saman itace ba shi da rijiya, ba shi da laimar ƙasa. In ruwan sama ya ɗauke na wata huɗu ko biyar, dole ya sami dabara. Dabarar waɗannan ita ce ta manomi: su tara da damina, su ci da rani. Gaɓar nan mai kumburi rumbu ce, cike da ruwa da abinci. Da zarar iska ta fara bushewa sai tsiron ya kaɗe ganyensa, domin ta ganye ne ruwa ke fita, ya dakatar da aikin saiwa, ya zauna shiru yana jiran wata damina. Haka kuka ke yi a dajinmu. Gawo ne kaɗai ya saɓa, shi da ke tuɓe ganye da damina ya yi kore da rani.

ABIN DA YA BA DARWIN MAMAKI

Mafi shahara a cikin masu wannan hali su ne dangin da masana suka raɗa wa suna Catasetum a shekarar 1822. Asalinsu nahiyar Amurka ne, tun daga Meziko har zuwa arewacin Ajantina, amma a Barazil suka fi yawa, kuma ire-irensu sun haura 150. Suna da 'yan'uwa na kusa guda uku da masu reno ke haɗa su wuri ɗaya: Cycnoches, wanda furensa ke da dogon wuya mai lanƙwasa kamar na agwagwar ruwa, da Mormodes mai murɗaɗɗen fure, da Clowesia mai ƙamshi. Renonsu duka kusan iri ɗaya ne.

Yawancin okid fure ɗaya ne ke ɗauke da sashen namiji da na mace gaba ɗaya. Catasetum kuwa ya raba su, akwai furen namiji dabam, akwai na mace dabam, kamar yadda aka sani a dabino da giginya. Sai dai a nan tsiro ɗaya yana iya fitar da na namiji bana, ya fitar da na mace baɗi, wani lokaci ma ya haɗa su a zangarniya ɗaya. Kuma kamanninsu sun sha bamban ƙwarai. Na namiji yana da launi da zane da ado, na mace kuwa kore ne mai kauri, kamar an kifa 'yar ƙaramar hula. Bambancin ya kai har masanan farko na ƙarni na 19 suka ɗauka dangogi ne dabam-dabam, suka ba kowanne sunansa. Sai da wani mai bincike Bajamushe, Robert Schomburgk, ya ci karo da su tare a jikin tsiro ɗaya a ƙasar Gayana, sa'an nan aka san an yi kuskure. Charles Darwin ne ya bayyana cewa batun namiji da mace ne, a shekarar 1862, shekarar da ya fitar da littafinsa a kan yadda ƙwari ke yi wa okid barbara. A cikin littafin ya sa Catasetum gaba da dukkan sauran wajen ban mamaki.

Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne harbin da furen namiji ke yi. A tsakiyar furen akwai wasu siraran gashi guda biyu, su ne kunamar bindigar. Bununin okid ba gari ba ne kamar na gero, dunƙule yake, kuma a gindinsa akwai wani faifai mai danƙo. Idan ƙudan zuma ya shigo ya taɓa gashin nan, cikin ƙiftawar ido furen zai harbo dunƙulen ya manne masa a baya. Ƙudan da ke wannan aiki wani iri ne mai sheƙi da ake samu a Amurka kawai, kuma mazan ne ke zuwa. Ba zuma suke nema ba, domin furen ba shi da ita. Ƙamshi suke kankara su adana a wata 'yar jaka a ƙafarsu ta baya, su yi amfani da shi wajen neman mata. Binciken da aka buga a shekarar 1986 ya nuna cewa ƙudan da ya sha wannan harbi yakan guji furen namiji daga nan, ya koma wajen na mace, wanda bai yi kama da wanda ya buge shi ba. Can ne yake sauke kayan da aka ɗora masa. Mai reno yana iya gwada harbin da tsinke don ya nuna wa baƙi, amma ya sani furen da aka harba yakan yanƙwane cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Masana sun kuma lura cewa tsiron da ya ƙoshi, yake samun hasken rana sosai, ya fi fitar da furen mace, na inuwa kuwa ya fi fitar da na namiji. Dalilin a fili yake, renon iri aiki ne mai cin ƙarfi, sai mai cikakken rumbu. An taɓa ƙidaya irin da ke cikin kwanso ɗaya na Cycnoches aka sami fiye da miliyan 3, kowanne ƙanƙane kamar ƙura.

Ƙanƙantar nan ita ta hana mutane shuka okid daga iri shekaru da yawa. Ƙwayar ba ta da guzurin abinci irin na wake ko masara, ba ta tsira sai ta haɗu da wani naman gwari da zai ciyar da ita. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano haka a 1899. A 1922 kuma Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa ana iya tsirar da ita cikin kwalba mai tsabta, a kan wani kunu mai daskarewa da aka sa wa sukari da gishirin taki. Daga wannan aiki ne okid ya fita daga hannun attajirai ya shiga gidan ma'aikaci. Ta wannan hanya ce kuma masu haɗa iri ke aiki har yau. Ɗaya daga cikinsu, Fred Clarke na Kalifoniya, ya haɗa Catasetum da Mormodes da Clowesia ya sami wani fure mai duhu wanda ido ke gani baƙi ƙirin, aka yi masa rajista a 2006 da sunan Fredclarkeara After Dark. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila ce ke riƙe da littafin rajistar irin waɗannan haɗe-haɗe na duniya duka.

SHEKARAR MAI RENO

Aikin yana farawa ne tun kafin ruwa ya sauka. Wajen watan Fabrairu zuwa Afrilu za a ga wani ɗan koren toho ya ɓullo daga gindin gaɓar bara. A nan ne ake yin kuskure na biyu, wanda ya kusa kai na farko yawan ɓarna. Mai reno ya yi wata uku yana kallon busasshen abu, ya ga alamar rai, sai murna ta sa ya ɗauko ruwa. Amma tsofaffin saiwoyi sun riga sun daina aiki, sababbi kuma ba su fito ba, saboda haka babu abin da zai sha ruwan. Sai ya kwanta a cikin tukunya, ko ya shiga bakin tohon ya ruɓar da shi. Ƙa'idar da gwanayen abin suka yarda da ita ita ce a jira sai sababbin saiwoyi sun kai tsawon inci 3 zuwa 5, watau kamar tsawon yatsa ko fiye. Har zuwa lokacin tohon daga rumbun uwarsa yake ci, kuma abin da ke ciki ya ishe shi.

Wannan lokaci na jira shi ne kuma na sauya tukunya da raba tsiro. A zare shi, a yanke matattun saiwoyi a bar kaɗan da za su riƙe shi, a raba gaɓoɓin bibbiyu ko ma ɗai-ɗai, domin kowace lafiyayyar gaɓa tana iya fitar da toho. Wuƙar da za a yi aikin a gasa ta a wuta kafin a taɓa kowane tsiro, saboda akwai cututtukan bairos da wuƙa ke ɗauka daga wannan zuwa wancan, kuma ba su da magani. A barbaɗa garin farar wuta ko na kirfa a wurin yankan, a bar shi ya bushe.

Abin da za a cika tukunya da shi ba sai an yi odarsa daga waje ba. Gawayi da aka farfasa kamar girman goro, da ɓawon kwakwa da aka yayyanka, da tsingaron tukunya a ƙasa don ruwa ya wuce, sun wadatar. Sai dai ɓawon kwakwa yana zuwa da gishiri, dole a jiƙa shi kwana biyu ko uku ana sauya ruwa. Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu ta fi ta roba dacewa da zafinmu, domin tana numfashi tana kuma sanyaya saiwa, muddin an huda mata ƙofofi a gindi da gefe. Kada ta yi girma. Wadda za ta ɗauki toho na shekara biyu ta isa.

Da zarar saiwa ta kai, sai al'amari ya juye gaba ɗaya. Tsiron da aka hana ruwa wata huɗu yanzu ba ya ƙoshi. Cikin wata biyar ko shida zai fitar da faffaɗan ganye masu naɗi kamar na gwaza ƙarama, ya gina sabuwar gaɓa, kuma burin mai reno shi ne gaɓar bana ta fi ta bara kauri, domin yawan furen da za a samu ya dogara ga wannan. Ana ba shi ruwa sau biyu ko uku a mako, ko kullum in ana zafi kuma tukunyar na saurin bushewa. Taki kuwa irin na zamani mai narkewa a ruwa ake so, kamar rabin ƙaramin cokali a lita huɗu, kowane mako. Sauran okid ba sa jure taki da yawa, amma waɗannan a daji ma a kan ruɓaɓɓen kututture da jikin itatuwan dangin kwakwa suke zama, inda abinci ya taru. Ruwan sama ya fi kowane ruwa. Na rijiyar burtsatse a wasu unguwanni yana da kanwa-kanwa, kuma alamarsa ita ce farin ɓawo a bakin tukunya da ƙonewar kan saiwa. Wanda ke da irin wannan ruwa ya tari na indararo ya ajiye a duro.

Haske suna sonsa fiye da yadda ake zato. Ranar safe har zuwa ƙarfe goma ko sha ɗaya tana yi musu kyau, daga nan kuma a sami inuwa mai ratsi, irin ta rumfar zana da ba a matse saƙarta ba, ko ƙarƙashin itace mara duhun ganye. Ganye mai duhun kore alamar ƙarancin haske ne.

Babban abokin gabarsu wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi, ja-ja, dangin gizo-gizo, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Yana zama a bayan ganye yana tsotsa, har ganyen ya yi fari-fari kamar an watsa masa toka. Zafi da bushewar iska ne ke haɓaka shi. A riƙa duba bayan ganye kowane mako, a wanke da ruwan sabulu mara ƙarfi da yamma, in ya yi yawa a nemi maganin da aka yi musamman dominsa, don yawancin maganin ƙwari na gona ba ya kashe shi. Ban da shi akwai gara mai son ɓawon kwakwa, da dodon koɗi mai cin kan saiwa da dare, da kuma akuya, wadda ke iya gama aikin shekara guda a loma biyu. Rataye tukunya da waya ya magance ukun nan duka.

Catasetum yakan yi fure da damina zuwa kaka, Cycnoches da kaka, Mormodes da wasu Clowesia kuwa sai bayan ganye ya zube, zangarniya ta fito daga tsirarar gaɓa a tsakiyar hunturu. Wajen Oktoba zuwa Nuwamba ganye zai fara rawaya. Sai a tsayar da taki, a rage ruwa. In ganye ya gama zuba, ko kuma Disamba ta ƙare bai zube ba, a yanke ruwa ɗungum. A yi hattara da kan gaɓar, domin inda ganye ya fita yakan bar ƙayoyi masu kaifi.

INDA YANAYINMU YA SAƁA

Ba daidai ba ne a ce ranin Kano da na Barazil ɗaya ne. A dazuzzukan da waɗannan tsirrai suka fito, ko da rani akwai raɓa da 'yar laima a iska. Hunturunmu kuwa yakan sauke laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura, ga iska mai tsaga leɓe. Saboda haka dokar hana ruwa tana bukatar hankali. In gaɓa ta ɗan yi tamoji, ba kome, haka ake so. In kuwa ta fara motsewa sosai kamar busasshiyar kuɓewa, sai a zuba ruwa kaɗan a gefen tukunya da safe, ba a kan gaɓar ba, sau ɗaya a mako biyu ko uku. Wuri mafi dacewa da ita a wannan lokaci shi ne inda iska ba ta bugawa, kusa da randa, inda yashin ƙasa ke da sanyi.

Bazara ta fi hunturu haɗari. A Sakkwato da Maiduguri da Kano zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma daidai lokacin ne sabon toho ke da taushi. A ƙara inuwa, a yayyafa ruwa a daɓen da ke kewaye, kada a ajiye tukunya kusa da bangon da rana ta gasa ko ƙarƙashin kwanon rufi. Wanda ya fitar da tsironsa daga Afrilu da Mayu lafiya, sauran shekara mai sauƙi ce.

Akwai fa'ida guda da ma'aikacin gwamnati zai fi kowa ganewa. Watannin da famfo ke ƙafewa ana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, su ne watannin da wannan fure ba ya bukatar ko ɗigo. Wanda zai tafi hutun ƙarshen shekara ba sai ya bar wa maƙwabci amana ba. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki da rani kuwa yana iya zare gaɓoɓin ya naɗe a takarda ya sa cikin akwati. Ɗalibi ma da ke da taga ɗaya mai kallon gabas yana iya riƙe tukunya biyu.

NA ASIYA

Nahiyar Asiya tana da nata masu barcin rani. Dendrobium nobile, na gindin duwatsun Himalaya da kudancin Sin, shi ne furen da jihar Sikkim ta Indiya ta ɗauka alamarta, kuma Sinawa sun daɗe suna sa shi a maganin gargajiya. Gaɓoɓinsa dogaye ne kamar ƙaramin rake, furanni kuma daga gaɓa-gaɓa suke fitowa. Shi bushewa kaɗai ba ta isa ta sa shi fure ba, sai ya sami sanyin dare na wajen digiri 10 zuwa 15 har kimanin wata guda. In bai samu ba, ko kuwa aka ci gaba da ba shi taki har kaka, maimakon fure sai ya fitar da 'ya'yan tsiro a jikin karan. Don haka mazauna Jos, mai tudun kusan mita 1,200, da na Mambila, su ya fi dacewa da su. Mutumin ƙasa mai zafi gara ya nemi Dendrobium anosmum na Filifin da maƙwabtanta, mai dogayen kara da ke reto ƙasa. Ma'anar sunansa "mara ƙamshi", alhali ƙamshinsa yakan cika tsakar gida. Wanda ya raɗa sunan dai ya bar wa na baya abin dariya.

Sai kuma Calanthe, wanda shi a ƙasa yake tsira, kuma yana da matsayi a tarihi. Okid na farko da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa har ya yi fure Calanthe ne, a 1856, aikin John Dominy na gidan renon tsirrai na Veitch a Ingila, bayan wani likita mai suna John Harris ya nuna masa yadda ake barbarar. A 1859 ya sake fitar da wani, Calanthe Veitchii, mai zubar da ganye, wanda ake renonsa har yanzu. Irin wannan yana son ƙasa mai taki da ruɓaɓɓen ganye, yana kuma fure daga Nuwamba zuwa Janairu.

NA DAJINMU

Mai karatu da ya taɓa bin hanyar daji a ƙasar Zazzau ko Filato ko Adamawa a ƙarshen rani, bayan an ƙone ciyawa, mai yiwuwa ya ga wata doguwar zangarniya ta fito daga baƙar ƙasa ba ganye, ɗauke da furanni masu ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi. Sau da yawa wannan okid ne na dangin Eulophia. Rumbunsa a ƙarƙashin ƙasa yake, kamar rizga, inda wuta ba ta kai wa, ganye kuma sai ruwa ya sauka. Eulophia cristata da Eulophia cucullata suna cikin waɗanda ake samu a filayen Afirka ta Yamma. Eulophia guineensis, mai son inuwa da gindin duwatsu, daga Saliyo aka kai shi Ingila aka ba shi suna a 1823, kuma yana cikin masu sauƙin reno a tukunya. A 1983 an buga littafi guda a kan okid na Nijeriya kaɗai, na L. B. Segerback.

A nan ne ya kamata mai sha'awa ya kama kansa. Okid na ƙasa da aka haƙo daga daji yawanci ba ya daɗewa a tukunya, domin an raba shi da naman gwarin da yake rayuwa tare da shi, kuma gurbin da aka bari ba ya cikewa da wuri. Abin da ya faru a kudancin Afirka ya isa misali. A Zambiya ana dafa wani abinci mai suna cikanda da saiwar okid da gyaɗa. Da kasuwarsa ta buɗe a birane, sai na ƙasar ya yi ƙaranci, aka koma haƙowa daga tsaunukan kudancin Tanzaniya, inda masu bincike suka ƙiyasta a farkon shekarun 2000 cewa miliyoyin saiwa ke ƙetare iyaka kowace shekara. Wannan na cikin dalilan da suka sa Tanzaniya ta mai da tudun Kitulo gandun da doka ta kare a 2005. A nan gida ba cin su ake yi haka ba, amma faɗaɗa gonaki da gine-gine da kiwo suna cinye wuraren da suke tsira. Inda aka ga katafila za ta share fili, ceto tsiron da ke ciki da izinin mai wurin abu ne mai kyau. Shiga gandun daji da magirbi kuwa ɓarna ce, kuma laifi ne.

Sayowa daga waje ma yana da ƙa'ida. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, ta sa dukkan dangin okid cikin jerin abubuwan da ake sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Wanda zai shigo da tsiro yana bukatar izini daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, watau NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito, da takardar CITES inda ta wajaba. In babu su, ana iya ƙwace kayan a filin jirgi, kuɗi ya tafi a banza.

Lokacin da ya fi dacewa a yi odar shi ne sa'ad da tsiron ke barci, domin gaɓa mara ganye tana jure kwanaki cikin kwali. Sabon shiga ya fara da haɗaɗɗen iri wanda ya kai girman fure, ya fi na asali juriya. Ƙaramin da aka fitar daga kwalba yana da araha, amma sai an yi shekara biyu ko uku ana jira. A kuma tambayi inda aka rene shi. Wanda ya fito daga kudancin Barazil, inda damina ke kamawa daga Oktoba zuwa Maris, zai iso da lissafin can a jikinsa, ya yi toho lokacin da namu ke shirin barci, kuma yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya daidaita. A wannan tsakani mai reno ya ajiye kalanda gefe, ya riƙa auna tsawon saiwa kafin ya ɗauki buta.